Hurumi a Ƙasan Bahar Maliya

Hanan, Faisal, 'ya'yana, wannan babin ma da Hausa na rubuta shi, ko da yake na san sai kun sha wahala kafin ku kai ƙarshensa. Ku daure. Maganganun da ke ciki da Hausa aka yi su a gidanmu na unguwar Mansur a Makka, in na juya su Larabci muryar kakanku za ta ɓace mini. Kun taso kuna jin ana cewa shekarar da Baba ya rasu ina tsakiyar teku ina tonon laka, ban ga gawarsa ba, ban zauna karɓar gaisuwa ba. Duk gaskiya ne. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne yadda aka yi na hau jirgin, da abin da na je dubawa. Kuna ƙanana a lokacin, kuma manya ba su yi maganar a gabanku ba.

Aikina a wani ɗakin bincike yake a Jidda. Kullum da sassafe in bi mota in tafi, in dawo Makka da yamma. Ilimin ƙananan halittun teku na karanta, amma tekun kanta daga bakin gaɓa kawai na san ta, kamar kowace matar Makka da ake kai wa shan iska ranar hutu. A zamanin da na fara aiki ba a ɗaukar mata a jirgin bincike. Maza ne ke tafiya, su dawo mana da laka a kwalabe, kowace kwalba da alamar wurin da aka ɗebo ta. Ni kuma in wanke lakar, in tace, in sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma in ga su wa ke zaune a ciki. Galibi tsutsotsi ne siraran da ba su kai gashin gira ba, sai wasu masu ɓawo kamar ƙwayar gero. Na yi shekaru ina sanin su ɗaya bayan ɗaya, har ina gane wasu tun kafin in gyara madubin, amma ban taɓa ganin inda suke rayuwa ba. Abin bai zama baƙo a wurina ba. Haka na san Kano: na san mutanenta, na san abincinta, ina jin bakinta, ban taɓa taka ta ba.

A tsakiyar Bahar Maliya, tsakaninmu da Sudan, ƙasan teku ya tsage. A cikin tsagar akwai ramuka masu zurfin gaske, inda wani ruwa mai zafi, mai tsananin gishiri, ya kwanta. Nauyinsa ya hana shi gauraya da ruwan da ke samansa, sai ya zama tafki a ƙarƙashin teku. Lakar da ke ƙasan waɗannan tafkunan tana ɗauke da jan ƙarfe da tutiya da azurfa. An daɗe da sanin haka, zurfin ne ya hana a taɓa ta. A shekarar da nake ba ku labari wani kamfani ya sami izinin gwada zuƙo lakar da dogon bututu, bisa sharaɗi guda: kafin ya taɓa komai, sai an keɓe wani wuri kusa da inda zai haƙa, wanda ba mai taɓa shi, domin in an gama kwashe ƙasan a samu inda halittu suka tsira, su sake yaɗuwa. Aka kafa kwamiti, wanda muke ce wa lajna, da mutanen wannan gaɓar da na waccan. Aka sa ni a ciki saboda daɗewata a kan kwalaben.

A zaman farko injiniyan kamfanin, wani mutumin Jidda mai suna Ɗariƙ, ya shimfiɗa taswira a kan tebur. An shafa wa wurin haƙa jan launi, sannan can kudu da shi an zana wani fili kore mai kusurwa huɗu, shi ne wurin da za a keɓe. Filin babba ne, ba rowa a cikinsa. Na tambaye shi me ya sa aka zaɓi kudu.

"Daktora, ba zan ɓoye miki ba," in ji shi. "Babu ƙarfe a can. Wurin da ba ma buƙata muka bayar."

Na ji daɗin amsar, don mai faɗin gaskiya ana iya aiki da shi. Sai wani dogon mutum daga ɓangaren Sudan, Dakta Usman, masanin tafiyar ruwa, ya ɗora yatsa a kan jan launin.

"Idan bututu ya fara zuƙa, laka za ta tashi kamar hayaƙi," ya ce. "Ina za ta nufa? Mun san inda ruwan sama yake tafiya. Na ƙasa fa?"

Ba wanda ya sani. Muka ƙura wa taswirar ido, manyan mutane cike da ɗaki, ana shirin shata iyaka a wurin da babu ɗayanmu da ya san ko ina ruwansa ya fuskanta. Ni a nawa ɓangaren, duk kwalaben da na taɓa buɗewa daga cikin ramukan suke ko daga bakinsu. Daga koren filin ba ni da ko ɗaya. A ƙarshe aka yanke cewa jirgi zai je ya duba kafin a sa hannu. Jirgin na haya ne, kuma lokacin da ya rage a cikin shekararsa farkon Zulhajji ne. Shugaban lajna ya juyo gare ni ya ce a wannan karon an tanadi ɗaki domin mata.

Da muka fito na kira Baba in tambaye shi ko ya sha maganinsa. Ina ajiye wayar na ji an ce mini da Hausa:

"Hajiya, daga wane gari?"

Dakta Usman ne. Na ce masa daga Mansur. Ya yi dariya ya ce shi ma Kanonsa Bur Sudan ce, garin bakin teku na waccan gaɓar, kakansa ya taso aikin hajji guzuri ya ƙare masa a can. Na ce nawa kakan ya samu ya ƙetaro. Ya ce to ga shi an haɗa mu mu auna abin da ya raba su.

Kun san yadda Zulhajji yake a gidanmu. Kawunku Bashir, yayana, shi ke dafa wa alhazan ƙasar Hausa abinci a Mina da Arfa, shi da matarsa da duk wani mai hannu a dangi. Tun daga ƙarshen Zulƙida tsakar gida ke cika da buhunan shinkafa da garin masara da kuka da daddawa. Mu kuma mu ba alhazai hayar gidanmu na unguwar Aziziyya mu koma gidan Baba a Mansur. Tun da Inna ta rasu rabon aikin a fili yake: Yaya yana wajen tukwane, ni ina wajen Baba. Ba a taɓa zama an tsara haka ba, kuma ba a taɓa saɓawa ba. A shekarar ƙafafun Baba sun kumbura, zuciyarsa ta yi rauni, daga ɗaki zuwa masallacin unguwa sai ya huta a hanya. Amma kansa garau yake, kuma son tambaya bai bar shi ba. Mutum ne da in mai gyaran firji ya zo, sai ya ja kujera ya zauna kusa da shi har a gama.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna cin abinci, na faɗi maganar jirgin. Yaya ya ajiye cokali.

"Uwani, wata goma sha biyu ne a shekara. Duk ba a samu na zuwa kallon laka ba sai wannan?"

Na ce ba ni na zaɓa ba.

"To ki ce ba za ki ba. Halas, shi ke nan. Maza nawa ne a wurin aikin naku? Su je su kawo miki a kwalba kamar yadda suka saba."

Ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan tun daga Jidda. Baba bai sa baki a wannan ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ya gama tauna lomarsa a hankali, ya ce:

"Uwata, wannan wurin da za ku keɓe, katanga za a yi masa?"

Na ce a'a, a takarda ne kawai, sai a hana jiragen haƙa shiga.

"Ashe hurumi za ku yi wa teku. Mahaifina ya ce a garinsu akwai fili a bayan gari da ba a nomawa, ba a gini, na kowa ne. To amma su suna ganin nasu da ido. Ku ta yaya za ku san kun keɓe wurin da ya dace?"

Na ce abin da za a je dubawa ke nan. Ya ci gaba da tambaya, akwai dare da rana a can ƙasan, kifayen wurin suna da ido, in suna da shi me suke gani da shi, ruwan zafin me ke dafa shi. Wasu na amsa, wasu na ce ban sani ba. Duk lokacin da na ce ban sani ba sai fuskarsa ta ƙara sakewa. Yaya ya tashi ya wanke hannu ya fita wajen buhunansa.

Bayan la'asar ina shafa wa Baba mai a ƙafa, ya ce in rufe ƙofa. Na san iyayensa sun taso daga ƙasar Kano a ƙafa, sun yi shekaru a hanya suna tsayawa noma da cirar auduga, an haife shi a Sudan. Na san mahaifiyarsa ta rasu kafin su iso Makka. A zatona a ƙasa ta rasu, a wani ƙauye. A ranar ya ce mini a jirgin katako ne, bayan sun baro tashar Sawakin a gaɓar Sudan. Zazzaɓi ya kama ta tun a gaɓa, iska kuma ta tsaya musu a tsakiyar ruwa, jirgin ya ƙi gaba ya ƙi baya. Da ta cika, matan jirgin suka yi mata wanka a bayan wani zane da aka tare, aka yi mata salla, aka ɗaura mata dutse daga cikin duwatsun da ke ƙasan jirgin, aka sauke ta. Ya ce shi yaro ne ƙarami, mahaifinsa ya riƙe shi ta baya yana leƙawa. Ya ga farin likkafanin yana tafiya ƙasa, yana ƙanƙancewa, ya koma shuɗi, sannan bai ƙara ganin komai ba. A nan na gane dalilin da ya sa bai taɓa cin kifin teku ba, abin da muka ɗauka ƙyama ce kawai.

"Ban ce ki nemo mini ita ba," in ji shi. "Allah ya san inda take, kuma zai tashe ta daga nan kamar yadda zai tashi na ƙasa. Amma tun daga ranar nake so in san yadda wurin yake. Ba wanda na taɓa samu da zan tambaya. Yanzu an ce 'yata za ta gani da idonta, sai in ce ta zauna tana shafa mini mai?"

Na ce, Baba, jikinka fa.

"Jikina yana hannun wanda ya yi shi. In kin zauna ba ki ƙara mini kwana, in kin tafi ba ki rage ba. Mijinki malamin makaranta ne, yana hutu, kuma ya fi ki haƙurin sauraron labarina."

Abbanku bai yi musu ba ko kaɗan. Ya ce shi zai kwana a ɗakin Baba har in dawo. Yaya kuwa, da Baba ya faɗa masa da bakinsa, ya ce to, bai ƙara komai ba. Ranar da zan tafi ya riga ya wuce Mina da tukwanensa, ba mu yi sallama ba.

Kwanakin farko a jirgi ban san inda kaina yake ba, amai kawai nake yi, ina tunanin matar da ta yi wannan tafiyar da zazzaɓi a kan katako. Da na warware na fito, ba gaɓa ko ta ina. Aikin iri biyu ne. Dakta Usman ya sauke na'urorin auna tafiyar ruwa zuwa ƙasan teku, waɗanda dole su zauna a can kwanaki kafin a ɗauko su a ga abin da suka auna. Ni kuma nawa aikin yana tare da wata na'ura mai girman ƙaramar mota, mai fitilu da kamara da hannu na ƙarfe, wadda ake saukewa da igiya, mu zauna a ɗaki muna kallon abin da take gani a allo. Da koren filin muka fara. Shimfiɗaɗɗiyar laka ce fara, mu yi ta tafiya ba mu ga komai ba sai sawun wata tsutsa, can sai wani kifi guda ya wuce. Akwai rai a wurin, amma ba irin na ramukan ba ne. Keɓe shi domin ceton mazauna ramukan daidai yake da a rushe Mansur a ce an ajiye wa mutanenta fili a hamada.

Ranar Arfa aka sauke na'urar a wani ƙaramin rami da ke arewa da wurin haƙa, wanda gefensa ya ɗan shiga cikin jan launin. Ta daɗe tana sauka. Shuɗin ruwan ya yi duhu, ya koma baƙi, sai wasu fararen ɗigo-ɗigo suna wucewa ta gaban fitila. Sai ga ƙasa. Matuƙin na'urar ya bi gangaren a hankali, kawai sai muka ga tafki. Ina nufin tafki sosai, da samansa a kwance sumul, da bakinsa da ya yi fari kamar an zuba kanwa, duk a ƙarƙashin ruwa. Na karanta labarinsa tun ina ɗaliba, na koyar da shi, amma da na gan shi sai da na riƙe gefen tebur. A cikin tafkin ba abin da ke motsi, gishirin ya yi yawa. Bakinsa kuwa cike yake. Ƙananan kumba ne, halittu masu ɓawo biyu, jere a kan layin ruwan kamar masu jiran mota, da soso fari, da jatan lande ja suna kai da komo. Wani siririn kifi ya taɓa ruwan gishirin ya sandare, nan take jatan landen suka yi kansa, ashe abin da suke jira ke nan. Na sa aka ɗebo mini laka daga bakin tafkin, na ruga da ita wajen madubi tun da ɗuminta. Tsutsotsina ne, waɗanda na sani shekara da shekaru a mace a cikin magani. A ranar na fara ganinsu suna motsi.

Da yamma na roƙi wayar jirgin na kira gida. Abbanku ya miƙa wa Baba. Unguwar shiru, kowa yana Arfa. Na faɗa masa duk abin da na gani, bai katse ni ba sai da na kai ƙarshe.

"Duhu ne ƙwarai?"

Na ce ƙwarai, in ba fitilarmu ba.

"Amma ba kango ba ne."

Na ce a'a, Baba, akwai jama'a.

Na ji yana dariya har tari ya kama shi. Ya tambayi girman jatan landen, ya tambayi ko kumbar suna da nama a ciki, ya tambayi me ya kai kifin taɓa ruwan alhali yana ganin 'yan'uwansa ba sa taɓawa. Na ce wannan kam ban sani ba. Ya ce in bincika. Sannan ya ce:

"Wannan wurin yana cikin hurumin naku?"

Na ce ba ya ciki.

"To ki sa shi. Allah ya yi miki albarka, Uwata. Ki ba mutane wayarsu."

Kwana biyu bayan salla, da hantsi, kyaftin ya aiko a kira ni. Abbanku ne a waya. Ya ce Baba ya yi sallar asuba a zaune, ya sha shayi, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Shi ke nan. Za a yi masa salla a Harami bayan la'asar, a binne shi kafin magariba. Kyaftin mutumin kirki ne, ya ce in na ce a juya, yanzu za a juya. Na tambaye shi yaushe za mu isa Jidda, ya ce gobe. Na tambayi Dakta Usman na'urorinsa fa. Ya ƙi amsawa, sai da na sake tambaya. Ya ce in aka ɗauko su yanzu awon bai isa a kafa hujja da shi ba, in aka bar su kuma jirgin ba zai dawo ba, yana da wani aikin a gaba. Lajna za ta sa hannu a kan koren filin, don ba abin da za a nuna mata. Na zauna a kan wani akwati na yi ta kallon ruwa. Jana'iza ta riga ta wuce ni, ko tashi jirgin zai yi. Abin da zan iya samu shi ne kwana ukun gaisuwa, in zauna a tsakar gida mata su shigo su rungume ni, Yaya ya ga na zo. Ina son wannan ƙwarai, ina buƙatarsa. Na ce wa kyaftin mu zauna.

Bayan la'asar Dakta Usman ya tara ma'aikatan jirgin a sarari, Misirawa da Indiyawa da mutanen Yemen, ya ja mu sallar gawa daga nesa, ni ina bayansu. Da aka idar ya zo ya yi mini gaisuwa da Hausa, irin gaisuwar da tsofaffin Mansur suke yi. A nan ne na yi kuka. Na kira Yaya, bai ɗauka ba. Na sake kira washegari, bai ɗauka ba.

Da aka ɗauko na'urorin, awon ya nuna ruwan ƙasa a wannan yankin kudu yake gangarawa, a hankali, kai tsaye zuwa koren filin. Duk lakar da bututu zai tayar a can za ta sauka. Ƙaramin ramin arewa kuwa yana bayan ruwan, hayaƙin lakar ba zai kai gare shi ba, kuma 'ya'yan halittun da ke bakinsa, waɗanda ruwa ke ɗauka suna ƙanana, ta kan wurin haƙar za su bi. In akwai inda rai zai sake fitowa bayan an gama, daga nan ne. Mun shafe watanni muna zama a Jidda a kan wannan. Injiniya Ɗariƙ ya kalli hotunan sau biyu, ya yarda da awon, sannan ya ce gefen ramin yana da ƙarfe mai kyau, kuma shi ma akwai waɗanda zai koma ya yi wa bayani. Na nemi ramin duka da faffaɗan fili kewaye da shi. An ba ni ramin. Filin kewayen an rage shi sosai ta gefen kudu, fiye da yadda hankalina ya kwanta da shi, kuma har yau ban tabbata ya isa ba. Wani rami na biyu da na nema, wanda ba mu samu mun leƙa ba, an ce ba a keɓe wuri a kan zato. Na sa hannu. Zuwa yanzu da nake rubutun nan ba a fara haƙar ba, don haka ba a gwada layin da muka ja ba. Wataƙila ku ne za ku ga ranar.

A gida kuwa, Yaya ba ya gaba da ni a fili. In na gaishe shi yana amsawa, in an haɗu a suna ko biki yana tambayar lafiyarku. Amma bai ƙara kirana Uwani ba, Daktora yake ce mini, kamar baƙo. Matan unguwa sun yi maganarsu, wasu a bayana, wasu a gabana. Ban faɗa wa kowa abin da Baba ya gaya mini a ɗaki ba. Ya rufe ƙofa kafin ya faɗa, na ɗauka ba na yaɗawa ba ne. Haka muka yi wajen wata takwas.

Ana gab da azumi, wata ranar Asabar da hantsi, aka buga ƙofar gidanmu na Aziziyya. Yaya ne, shi kaɗai, ba saƙo a hannunsa. Na kawo masa shayi, ya riƙe kofin bai sha ba. Ya yi maganar tsadar shinkafa, ya yi maganar rufin gidan Mansur da ke yoyo. Can ya ce:

"Ranar Arfa ya kira ni."

Na ce wa.

"Baba. Bayan kun yi waya. Muna tsakiyar rabon abincin yamma, mota ta maƙale a hanya, alhazai sun yi layi suna faɗa. Na ɗauka wani abu ne ya same shi. Sai na ji yana cewa, Bashir, ka san akwai tafki a ƙarƙashin teku? Murya kamar ta yaro. Na ce, Baba, don Allah anjima, ina cikin aiki. Ya ce to, anjima."

Ya juya kofin a hannunsa.

"Daga Arfa muka wuce Muzdalifa, daga nan Mina. Kullum ina cewa in na samu sarari zan kira. Ina nan cikin Makka, Uwani. Ke kina tsakiyar teku kin yi hira da shi. Ni da mota za ta kai ni gida kafin shayi ya huce, ban yi ba."

 Na zauna kusa da shi. Bayan wani lokaci ya share fuska da gefen hiramin kansa ya ce:

"Me yake so ya gaya mini?"

Na ɗauko kwamfuta na ajiye a gabansa, na buɗe hoton ranar. Muka bi na'urar tana sauka cikin duhu, har ƙasa ta bayyana, har bakin tafkin ya fito fari a gaban fitila. Yaya ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya ga kumbar a jere, ya ga jatan landen, ya ga siririn kifin ya taɓa ruwan ya sandare. Ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Me ya kai shi?"

Na ce har yanzu ban sani ba.

"Mayar da shi baya," in ji shi, "in sake gani."